"Short shrift": maganar Turawa da Maiduguri ta ga ma'anarta da idonta

Rubutun nan yana da ɗan tsawo, wanda datarsa ta kusa ƙarewa ya adana shi sai ya samu caji da natsuwa.

Akwai wata magana ta Turanci da take yawan fitowa a tambayoyin jarabawar Turanci ta 'yan aji ɗaya, masu karanta jaridun Legas kuma suna cin karo da ita a kai a kai: short shrift. Za ka ga an rubuta cewa majalisa ta ba wani ƙuduri short shrift, ko alƙali ya ba hujjar wani lauya short shrift. Yawancinmu mun haddace cewa ma'anarta a yi watsi da mutum ko da maganarsa, sai mu zaɓi amsa mu wuce. Amsar daidai ce a takardar jarabawa, amma fa ta bar rabin labarin a baya. Rabin da ta bari ɗin kuwa, garin nan da muke karatu a cikinsa ya gan shi ba sau ɗaya ba, har ma guda biyu daga ciki suna cikin shari'o'in da abokanmu masu karatun lauya suke haddacewa kafin su gama aji biyu.

Mu fara da ita kanta kalmar. Shrift ce, da harafin r a ciki. Ba shift ba ce irin ta ma'aikatan asibiti masu aikin dare, duk da cewa Turawan ma da kansu suna yawan rubuta ta haka. Tsohuwar kalma ce da ta riga ta mutu a Turancin yau, ba ta da sauran numfashi sai a cikin wannan maganar guda ɗaya. A cocin Ingila na zamanin da, shrift shi ne mutum ya je gaban limamin coci ya faɗi zunubansa, limamin ya yanka masa abin da zai yi na tuba, sannan ya sanar da shi an yafe masa. Abokanmu 'yan Katolika sun san wannan sarai, don har yau suna yi. Tushen kalmar daga Latin ne, scribere, wato rubutawa, saboda limamin kamar rubuta wa mutum magani yake yi. Daga wannan tushen ne aka samu Shrove Tuesday, Talatar da take zuwa dab da shiga azumin kwana 40 na gabanin Ista, ranar da a da mutane suke zuwa su sauke nauyin zunubansu kafin azumi.

To wanda aka yanke wa hukuncin kisa shi ma ana ba shi wannan damar kafin hauni ya yi aikinsa. Idan masu kisan suna sauri, sai a ce wa limamin ya gajarta. Wannan gajeriyar tubar ita ce short shrift.

Labarin da ya ɗaukaka maganar ya faru ne a Landan ranar 13 ga Yunin 1483. Sarki Edward na Huɗu ya rasu a watan Afrilu, ya bar ɗa mai shekara 12. Ƙanen marigayin, Richard, shi aka ba riƙon ƙasa kafin yaron ya girma, amma idonsa yana kan gadon sarautar. Akwai wani babban bafade, Lord Hastings, amintaccen marigayi sarki, wanda ba zai yarda a ture yaron ba. Ana cikin zaman majalisa a Hasumiyar Landan sai Richard ya zarge shi da cin amanar ƙasa, dogarai suka shigo suka yi waje da shi, aka sare masa kai a kan wani gungumen katako da ke tsakar gidan. Babu shari'a, babu shaidu. Thomas More, wanda ya rubuta tarihin daga baya, ya ce Richard ya rantse ba zai ci abincin rana ba sai an gama, don haka limamin da aka fara cin karo da shi aka jawo, Hastings ya yi 'yar tubarsa a gurguje. Kafin watan ya ƙare Richard ya zama sarki. Bayan shekara ɗari da 'yan kai Shakespeare ya sa wannan fitowar a wasansa na Richard na Uku, inda ɗaya daga cikin yaran Richard yake gaggauta Hastings saboda ubangidansa yana jiran abinci. Daga ƙarni na 19 ne maganar ta bar bakin masu tarihi ta shiga harshen yau da kullum. (Shi kuma Richard shekara biyu kacal ya yi a kan gado, aka kashe shi a yaƙin Bosworth a 1485, kuma a 2012 aka tono ƙasusuwansa a ƙarƙashin wani wurin ajiye motoci a garin Leicester. Duniya ke nan.)

Abin da nake so mu lura da shi a labarin nan shi ne, an fa kira limamin. An cika ƙa'ida. Idan wani ya tambaya gobe, za a ce ai an ba shi dama ya tuba. Sai dai gatarin yana jingine a gefe tun kafin ya buɗe baki, kuma babu abin da zai faɗa da zai sa a mayar da gatarin ɗaki. A ganina wannan ne ƙashin bayan maganar, kuma shi ya raba ta da 'yar uwarta cold shoulder. Wanda ya ba ka cold shoulder, share ka ya yi, ko a yaren 'yan hostal ya basar da kai, kun haɗu a bakin ɗakin karatu na Ramat ya ɗauke kai kamar bai taɓa ganinka ba. Wanda ya ba ka short shrift kuwa yana iya ce maka zauna, ya ce ina jin ka, idonsa na kan agogo, ka faɗi jimla biyu ya ce to mun ji, na gaba. Takardar hukuncin tana cikin durowa da sa hannu tun jiya.

Wajen amfani da ita babu wahala. Mai iko yana give short shrift to mutum ko shawara, wanda aka yi wa kuma yana get short shrift. A Turancin yau ba a sa mata a a gaba, kuma ba ta da jam'i. Akwai kuma make short shrift of, wanda yake nufin a gama da abu nan take, kamar ƙungiyar ƙwallo ta lallasa wata ba tare da ta yi gumi ba. Wannan na ƙarshen 'yan jaridar wasanni suka fi so.

Da Hausa muna da kalmomi da yawa a wannan fagen, sai dai kowacce da inda ta dosa. Yin biris da kunnen uwar shegu na wanda ya ji ya ƙi amsawa ne. Halin ko-in-kula da riƙon sakainar kashi na wanda aka ba amana ya ƙi kula da ita ne. Yin fatali ya fi kusa, don akwai gaggawa da raini a cikinsa. Korar kare ta fi zafi. Idan ni aka ce in fassara, zan haɗa biyu ne: sauraron jeka-na-yi-ka da hukuncin sha-yanzu-magani-yanzu. 'Yan sashen Hausa, fili naku ne.

Yanzu mu dawo gida.

Ranar 1 ga Oktoban 1979 sojoji suka miƙa mulki ga Alhaji Shehu Shagari na jam'iyyar NPN. Jam'iyyu biyar ne a lokacin: NPN, UPN, NPP, PRP da GNPP. Jihar Borno, wadda a lokacin ta haɗa har da Yobe ta yanzu, ba ta bi NPN ba. GNPP ta Alhaji Waziri Ibrahim, mai taken siyasa ba da gaba ba, ita ta ci gwamna da Muhammadu Goni, ita kuma take da rinjaye a majalisar dokokin jiha. Shugaban masu rinjaye a majalisar shi ne Alhaji Shugaba Abdurrahman Darman, ɗan siyasa mai jama'a kuma mai baki, wanda in ya hau mumbarin taro gwamnatin tarayya ba ta jin daɗi. Dattawan da suka ga zamanin, in ka zauna da su a majalisar bakin titi, har yanzu da sunansa suke fara ba da labarin siyasar Jamhuriya ta Biyu a Yerwa.

Ranar 24 ga Janairun 1980, gwamnatin farar hula ba ta ma cika wata huɗu ba, jami'an shige da fice suka zo suka ɗauke shi a nan Maiduguri. A hannunsu akwai takardar kora mai sa hannun Ministan Cikin Gida, Alhaji Bello Maitama Yusuf, wadda ta ce Shugaba baƙon haure ne da aka haramta wa zama a Najeriya, a fitar da shi ta hanyar farko da ta samu. Aka yi da shi Chadi aka ajiye. Ka dubi abin da kyau: mutumin da hukumar zaɓe ta tantance, jama'a suka zaɓa, aka rantsar, yake riƙe da fasfon Najeriya, yake jagorantar masu rinjaye a majalisar jiha, shi aka wayi gari aka ce ba ɗan ƙasa ba ne. Ba a kira shi an tambaye shi ina aka haife ka ba. Ba a kai shi gaban kowane alƙali ba. Hastings ma ya fi shi gata, shi aƙalla an kira masa liman.

Kuma Chadin da aka jefa shi ba wurin hutu ba ce a lokacin. Ƙasar tana cikin yaƙin basasa, Najeriya da kanta ta tara ɓangarorin a Kano a watan Maris na 1979, sannan a Legas a watan Agusta, don a sasanta su. Wata biyu bayan korar Shugaba, faɗa ya sake ɓarkewa a cikin Njamena tsakanin mutanen Goukouni Oueddei da na Hissène Habré. Gwamnatin da ta fi kowa sanin halin da Chadi take ciki ita ce ta tura ɗan majalisarta can.

Da ƙasa ta ɗauki zafi, jaridu da jam'iyyun adawa suka yi caa, sai gwamnati ta kafa kwamitin bincike na alƙali ɗaya ya gano ko Shugaba ɗan Najeriya ne. A nan ne nake ganin ma'anar short shrift ta cika har ta tumbatsa: an riga an zartar da hukunci, mutum yana can ƙetaren iyaka, sannan aka aika a kira liman. Hujjar gwamnati ita ce mahaifinsa daga ɓangaren Chadi ya fito. Har wata tsohuwa aka kawo daga Chadi, tana kuka tana cewa ɗanta ne a mayar mata da shi, alhali mahaifiyarsa tana nan da ranta a cikin Maiduguri. Kai jama'a.

GNPP ta garzaya Babbar Kotun Maiduguri. Lauyan da ya jagoranci shari'ar shi ne Cif G.O.K. Ajayi, wanda ya tsaya wa Awolowo a shari'ar zaɓen shugaban ƙasa ta 1979. Mai shari'a Oye Adefila ya saurari ɓangarorin biyu, abin da ministan bai yi ba, kuma a cikin shekarar ya yanke cewa Shugaba ɗan Najeriya ne. Tsarin mulkin 1979, sashe na 23, bai ce sai uba ba: wanda aka haifa a Najeriya kafin samun 'yanci, idan ɗaya daga cikin iyayensa ko kakanninsa ya fito daga wata al'umma 'yar asalin ƙasar nan, to ɗan ƙasa ne ta haihuwa. Kotu ta gamsu da ɓangaren mahaifiyarsa. Sashe na 38 kuma ya hana a kori ɗan ƙasa daga Najeriya ko a hana shi shigowa. Aka soke takardar korar, aka yanka wa gwamnati diyyar naira 350,000, a zamanin da naira ta fi dala daraja. Gwamnati ta ɗaukaka ƙara zuwa Kaduna, a 1982 can ma aka tabbatar masa da zamansa ɗan ƙasa. Shugaba ya dawo ya ci gaba da zamansa a garinsa har Allah ya karɓi ransa a 2010.

Zan ɗan tsaya a nan, don wannan ɓangaren ya shafi da yawa daga cikin masu karanta rubutun nan kai tsaye. Tambayar "kai ɗan ina ne asali" ba ƙaramar tambaya ba ce a Borno. Daular Borno ta girmi dukkan iyakokin nan da ɗaruruwan shekaru. Bayan Faransawa sun kashe Rabe a Kusuri a watan Afrilun 1900, sai Ingila da Faransa da Jamus suka yanka ƙasar kamar naman layya. Dangi ɗaya ya wayi gari a ƙasashe huɗu, Kanuri da Shuwa da Kanembu da Kotoko da Mandara kowa da 'yan uwa a ƙetare. Ita kanta Maiduguri ta yanzu a 1907 aka kafa ta. Abin da ya fi ba ni mamaki da na karanta shi ne, ranar 1 ga Oktoban 1960 da ake bikin 'yancin kai, Dikwa da Bama da Gwoza da Ngala ba sa cikin Najeriya. Yankin amana ne na Majalisar Ɗinkin Duniya a hannun Ingila, ragowar Kamarun Jamus. Sai da aka yi ƙuri'ar raba gardama a Fabrairun 1961, suka shigo a hukumance ranar 1 ga Yunin shekarar. Daga baya ma, bayan hukuncin Kotun Duniya na 2002, ƙauyuka sama da talatin na yankin Darak a bakin tafkin Chadi suka koma hannun Kamaru a ƙarshen 2003. Wato titin Bama da muke tsallakawa kullum don shiga makaranta, garin da ya nufa bai kai kakanninmu daɗewa a Najeriya ba.

Don haka in ka ji ana tsokanar abokinka a hostal da ɗan Chadi ko ɗan Nijar saboda kamanninsa ko harshensa, wasa ne, muna yi muna dariya. Amma ranar da ya je neman takardar shaidar asalin ƙaramar hukuma, ko fasfo, ko ya shiga layin tantancewar ɗaukar aiki, aka dubi fuskarsa aka ture takardunsa gefe ba a buɗe ba, to wasan ya ƙare. Abin da zai riƙe a ranar shi ne sashe na 25 da na 41 na tsarin mulkin 1999, waɗanda su ne magadan sassan da suka dawo da Shugaba gida.

Shari'a ta biyu a cikin harabar jami'a ta faro, kuma wallahi ina mamakin yawan ɗaliban da suke kammala karatu ba su taɓa jin ta ba, alhali duk lauyan Najeriya ya san sunanta.

Ranar 2 ga Fabrairun 1983 aka yi mummunar tarzoma a Jami'ar Maiduguri, wadda a lokacin ba ta wuce shekara takwas da kafuwa ba, Farfesa Jibril Aminu yana shugabanta. Kada mu yi wa tarihi kwalliya don mu ɗalibai ne: an yi ƙone-ƙone, an wawure kaya, an ci zarafin mutane. Duk shugaban da ya ga haka dole ya ɗauki mataki. Jami'a ta kafa kwamitin bincike da ladabtarwa, mataimakin shugaban jami'a yana jagoranta, kuma a ƙarshen watan Maris aka kori wasu ɗalibai. Wasu daga cikinsu suka tafi kotu, sunan Yesufu Amuda Garba ne a farkon jerin, shi ya sa ake kiran shari'ar Garba da Jami'ar Maiduguri. Babbar Kotun Maiduguri ta ba su gaskiya, Kotun Ɗaukaka Ƙara ta rushe hukuncin, suka wuce Kotun Ƙoli, Gani Fawehinmi yana tsaya musu.

A Fabrairun 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar, Mai shari'a Obaseki ne ya karanta babban hukuncin. Kotun ba ta ce ɗaliban ba su yi laifi ba, wannan tambayar ba ita ce a gabanta ba. Abin da ta duba shi ne yadda aka bi aka kai ga hukuncin. Na farko, shugaban kwamitin yana cikin waɗanda ɓarnar ta shafa, wato wanda aka yi wa laifi shi ya zauna a kujerar alƙali. Lauyoyi suna da wata ƙa'ida da Latin, nemo judex in causa sua, mutum ba ya alƙalanci a shari'ar kansa, ko da kuwa waliyyi ne, don ko ya yi adalci mai kallo ba zai yarda ba. Sannan ba a ba ɗaliban cikakkiyar damar kare kansu ba kamar yadda sashe na 33 ya tanada, wato audi alteram partem, a ji ta bakin ɗaya ɓangaren. Kotun ta kuma ƙara da abin da ya fi tayar da ƙura: ƙona gini da sata da cin zarafi manyan laifuka ne a dokar ƙasa, kotu ce take da ikon ta ce wane ya aikata su, kwamitin jami'a ba shi da wannan hurumin.

An zauna fa. An buga takardu, an rubuta rahoto, komai da hatimi. A ido ƙa'ida ta cika, kamar yadda ta cika a Hasumiyar Landan. Kotun Ƙoli ta ce wannan bai isa ba.

Ba a kanmu aka fara ba. Jami'ar Kambirij ta ƙwace wa wani babban malaminta, Richard Bentley, digirorinsa a 1718 ba tare da ta saurare shi ba, bayan 'yan shekaru kotu ta sa aka mayar masa. A wannan shari'ar ce ɗaya daga cikin alƙalan ya kawo misalin cewa ko Annabi Adamu ba a fitar da shi daga aljanna ba sai da aka tambaye shi, misalin da lauyoyi suke maimaitawa har gobe. Mu ma a islamiyya an karantar da mu wasiyyar da Manzon Allah (SAW) ya yi wa Sayyidina Ali da zai tura shi Yaman, cewa kada ya yanke hukunci tsakanin mutum biyu sai ya ji daga na biyun kamar yadda ya ji daga na farkon.

Sai dai kada wani ya karanta wannan ya ɗauka ya samu lasisin iskanci. Shari'ar Garba ba ta ƙwace wa jami'a ikon ladabtar da ɗalibanta ba. Kotun Ƙoli da kanta, a shari'ar Esiaga da Jami'ar Kalaba a 2004, ta amince jami'a tana iya dakatar da ɗalibi yayin da ake bincike. Kuma ka tuna lissafin: an kori mutanen nan a Maris na 1983, gaskiyarsu ta fito a Fabrairun 1986. Shekara uku ke nan, 'yan ajinsu sun gama har sun yi bautar ƙasa. Hukuncin minti biyar, gyaransa shekara uku, kuma babu kotun da take mayar wa mutum shekarunsa.

Na ukun ba na son daɗewa a kansa, don ciwon bai warke ba. Babu wanda zai koya wa ɗan Maiduguri abin da Boko Haram ta yi wa garin nan. A cikin jami'ar ma, harin masallacin rukunin gidajen ma'aikata na Janairun 2017 ya ɗauke mana Farfesa Aliyu Mani. Amma tarihi ya rubuta cewa ranar 30 ga Yulin 2009 sojoji sun kama Muhammad Yusuf da rai, suka miƙa shi ga 'yan sanda, kuma bai kwana ba. Surukinsa, dattijo Baba Fugu Muhammad, da ƙafarsa ya kai kansa wurin 'yan sanda, shi ma bai dawo ba, har Babbar Kotun jiha ta yanka wa iyalansa diyyar naira miliyan 100 a 2010. Wannan shi ne short shrift a ma'anarsa ta 1483, ba tare da wani ado ba. Ni abin da yake damuna a nan, shari'a a bainar jama'a ita ce wurin da za a tambayi mutumin wa ya ba ka kuɗi, wa ya tsaya maka, wa ya yi belinka a baya. An rufe bakin da zai amsa, kuma abin da ya biyo baya mu ne muka girma a cikinsa.

To mu kuma fa? Yana da sauƙi mu zagi minista da kwamiti, amma mu dubi yadda muke gudanar da ƙananan mulkinmu. Ƙungiyar ɗaliban jiha ko ta sashe za ta tsige ma'ajinta a zaman da ba a gayyace shi ba, sai dai ya ga sanarwa a guruf. A ce waya ta ɓata a ɗaki, wani ya nuna wani da yatsa, kafin ya ce uffan bel ya fara sauka a bayansa, in an ga dama bayan ya kumbura a tambaye shi ko yana da abin cewa. A ɗora hoton yarinya a Facebook da labarin da babu wanda ya bincika, kafin magariba an gama shari'arta a wurin sharhi. Mu ɗin nan ne gobe za mu zauna a kujerun kwamitocin.

Wanda kuma takarda ta same shi cewa ya bayyana gaban kwamiti, kan zargin satar amsa ne ko rigimar hostal, ga abin da shari'ar 1986 da sashe na 36 na tsarin mulkin yanzu suka bar masa. Ya nemi a ba shi zargin a rubuce, ya san a matsayin me aka kira shi, mai ba da shaida ko wanda ake tuhuma, don da yawa suna shiga a matsayin shaida su fito a matsayin masu laifi. Ya nemi lokacin shiri in takardar ta zo masa a ƙurarren lokaci. Ya nemi ganin hujjar da aka dogara da ita da jin abin da shaidu suka faɗa a kansa. Idan wanda ya kai ƙararsa yana zaune cikin masu yanke hukunci, ya faɗa cikin ladabi, ya roƙi a rubuta cewa ya faɗa. Kada ya sa hannu a takardar da bai karanta ba, ko da an ce masa ai ƙa'ida ce kawai. Duk abin da ya miƙa ya ajiye kwafi, ya kuma buɗe kundin dokokin ɗalibai da aka ba mu a aji ɗaya, wanda yawancinmu muka ɗora wa tukunya, ya duba inda ake ɗaukaka ƙara a cikin gida da kwanakin da aka ba shi, don kotu takan tambaya ko ya bi wannan hanyar kafin ya zo gare ta.

Mai son karanta hukuncin da kansa, ya shiga ɗakin karatun tsangayar shari'a ya tambayi rahoton NWLR na 1986, kashi na 18, shafi na 550. Allah ya ba mu sa'ar jarabawa.